Nuhad, Mai Yi wa Tsofaffin Tarabulus Tanadin Gobe

Kullum da safe, kafin masu sabulu su buɗe shaguna a tsohuwar kasuwar Tarabulus, Nuhad Daruwish ta riga ta fara hawa benayen mutane. Aikinta sayar da inshorar kula da tsofaffi, wadda ke biyan mai yi wa mutum jinya ranar da ya kasa yi wa kansa wanka. Ba ta jiran kowa a ofis. Gida take bin su, ta sha gahawarsu, ta yi musu tambayar da 'ya'yansu ke tsoron yi.

Maƙwabta ba su manta ranar da ta je wurin Abu Marwan tela ba. Hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa duka suna Ostireliya. Shi dai inshorar asibiti kawai yake so.

"Baba, asibiti sallamarka za su yi," in ji ta. "In ka dawo gida, wa zai ɗaga ka?"

"Ke! Baki za ki yi min? Ina da maza uku!"

"Allah ya raya su. Amma ta waya za su juya ka a gado?"

Ya kore ta. Ta dawo, ya sake korarta, ta sake dawowa da kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan mai cuku, har ya haƙura ya yi inshorar.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, kamfanin inshorar ya fara jan ƙafa. Nuhad ta tare a ƙofar manajansu, a bakin aikinta, ba ta tashi ba sai da aka tura masa mai jinya. Yau Abu Marwan yana baranda, fes da shi, yana tsokanar masu wucewa.

Watan nan take ritaya, kuma hankalin unguwa a tashe yake. Matasan ofishin ba sa hawa bene. Ita kanta gwiwoyinta sun gaji, ba ta da ɗa, ƙuruciyarta ta ƙare a jinyar mahaifiyarta.

Nuhad, ke ce kika faɗa mana gaskiyar da ba mu son ji, muka zage ki, kika dawo. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku da iyayenku ke da sauran ƙarfi, ku zauna da su yau ku yi wannan maganar. Sannan wani cikinmu ya hau benen Nuhad ya ƙwanƙwasa, ya tambaye ta wa zai ɗaga ta.