Irin raken Kawu

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina aiki a sashen binciken cututtukan shuka a Birnin Kebbi. A shekarar da nake magana, rake ya riƙa bushewa a tsaye a fadamar Argungu, aka tura ni in ɗebo samfuri. Gonar da na fara shiga ta kawuna ce, yayan mahaifiyata.

Na sare kara ɗaya na tsaga shi biyu. Cikinsa ja ne da ɗigo-ɗigon fari, yana warin tsami. Kawu ya sunkuya ya shinshina.

"Mi ka gani, ɗana?"

Na ce sai na duba a ofis.

Na kwashe makonni ina renon abin a faranti har ya tsiro, wata irin funfuna ce mai toka-toka. Na shafa ta ga lafiyayyen rake don in ga ta ina take shiga. Tana bin rauni da gaɓa da bakin yanka, ta ratsa ciki ta toshe hanyar ruwa, alhali bawon yana nan da kyansa. In aka dasa karan da ke ɗauke da ita, sabon tsiro da ciwonsa yake fitowa.

Da na koma na bi gonakin da suka mutu, duk wanda na tambaya inda ya samo iri sai ya ce wurin Kawu. Raken nasa ya yi suna da zaƙi, kuma bai taɓa hana kowa iri ba.

Na same shi a bakin gona bayan la'asar na faɗa masa.

"Ke nan ni na kai musu shi da hannuna?"

"Ba ka sani ba, Kawu. Ba a ganinsa daga waje."

"Wanga ciwo yana da magani?"

Na ce babu, sai dai a tumɓuke a ƙone, a huta da rake a wurin.

Shi ya fara cinna wa gonarsa wuta, sannan ya bi gida-gida yana neman gafara. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu suka daina amsa sallamarsa, har da amininsa mai dafa mazarƙwaila, wanda ya rufe murhu ya bar garin.

Kawu ya koma noman albasa. Bayan shekaru muka samu irin da ke jure ciwon, na kai masa da kaina. Ya yi godiya, ya ce in ba wani.