Naman Mushe

Ranar da na fara barin ƙasarmu tare da mahaifina na bar ta, kuma tun daga hantsi har faɗuwar rana ban daina yatsina fuska ba. Shekarata ashirin da ɗaya, ban daɗe da fara koyarwa a firamare a Dutsin-Ma ba, an samu mulkin kai da ɗan kaɗan. Ina da farin wando mai kari, ina da littafin tsabta da nake karanta wa yara, kuma a ganina duk wanda bai wanke hannu da sabulu ba da sauransa. Ƙyanƙyami gare ni na fitar hankali, ni kuwa ina ɗaukarsa wayewa.

Baba manomi ne a Kurfi, yana ɗan taɓa fataucin hatsi. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ban taɓa gani ba. Tun kafin a haife ni suka yi rigima a kan gonar gado ta wajen Birchi, har Baba ya rantse a gaban jama'a ba zai sake sa hannu a akushi ɗaya da wansa ba. Wan ya kwashi iyalinsa ya koma Maraɗi, ƙasar Faransa kamar yadda muke ce mata a lokacin. Sai a bazarar nan wani mai fataucin goro ya kawo saƙo cewa tsohon ya kwanta ciwo, idonsa ya tafi, yana ta tambayar ƙanensa. Baba ya ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwarsa, ya aika da ranar da zai iso, sannan ya zo Dutsin-Ma ya same ni.

"Ka nemi izini mu tahi," ya ce. "Tuwo kurum za ni ci da Yaya in dawo. Kai ka yi boko, kai za ka riƙa gaya mani abin da ban gane ba."

Na ji daɗin maganar nan fiye da kima. A Katsina muka hau wata babbar mota da aka loda wa ƙiraga da buhunan daddawa, mu kuma aka ɗora mu a sama. Rana ta buga fatun nan, warinsu ya taso ya haɗu da na daddawa, na toshe hanci da hankici. Kafin Jibiya akuyar wata tsohuwa ta tsula mini fitsari a farin wandona. Baba kuwa ya miƙe ƙafa a kan ƙirgi yana cin goro yana hira da mai akuyar, ko a jikinsa. Haushinsa ya kama ni har ya fi na akuyar.

A bakin iyaka wani jandarma ya yi mana magana da Faransanci. Na gyara murya na mayar masa da Ingilishi mai kyau. Ya dube ni, na dube shi. Sai ya juya wajen Baba ya ce, "Tsoho, ina zuwa?" Suka gaisa da Hausa, ya tambayi mutanen gida, ya ce mu wuce. Da muka tsallaka sai direba ya koma ɗaya hannun hanya, don a can ta hannun dama ake tuƙi, na zaci ya yi barci ne na ƙwala ihu, mota duka aka kwashe da dariya. Gaba kaɗan muka wuce wata matacciyar saniya a gefen hanya, ta kumbura, ungulaye sun rufe ta. Nan na tuna abin da abokan aikina suka gaya mini, wai mutanen da suka zauna da Faransa ba abin da ba sa ci, har kwaɗi. Na tofar da yawu, na riƙe maganar a zuciyata.

Bayan la'asar muka isa gidan. Baffan nawa yana kwance a zaure kan tabarma, ya rame ƙwarai, ga kaskon tofa majina kusa da kansa, zauren duka warin sassaƙe da na ciwo. Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya." Tsohon ya miƙo hannu yana lalube, ya shafa fuskar Baba tun daga goshi har gemu.

"Auta, gemu ya yi hwari," ya ce. Iyakar abin da suka faɗa ke nan a kan shekara ashirin da wani abu. Daga nan Baffa ya ɗaga murya ya ce a kawo abinci.

Ni kuwa na nemi ruwa na zaga bayan zana in wanke wandona da hannuna. Mata na kwasar tuwo a ɗaya gefen, ba sa ganina. Na ji wata maƙwabciya tana cewa, "Ke kau ina kika samu nama haka?"

Matar Baffa ta ce, "Naman mushe ne. Tun da sahe aka kawo shi, na ce a yi ma baƙi miya."

Mushe dai a wurinmu dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce, irin saniyar da na gani a hanya. Na sunkuya ina kakarin amai. A cikin ƙyanƙyamin nan har da wani ɗan daɗi da na ji, ba zan ɓoye ba: tun safe ake yi mini dariya, yanzu ga abin da ni kaɗai na gano.

Na koma zaure na tarar an tayar da Baffa an jingina shi da bango, ga akushi an buɗe, tuwon gero da miyar kuka, nama zuƙu-zuƙu a kai. Baba ya riga ya wanke hannu. Na sunkuya na raɗa masa a kunne.

"Ka tabbata?" ya ce a hankali.

"Da kunnena na ji, Baba."

Baffa ya lalubi bakin akushi ya ce, "Bisimilla, Auta." Baba ya miƙa hannu, ya tsaya sama da tuwon. Ba zai ci haram ba, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa wansa makaho ana dafa mushe a gidansa ba. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa.

"Yaya, mota ta jijjige mani ciki. Bari in huta tukuna."

Tsohon ya cire nasa hannun daga akushin, ya goge a tabarma.

"An ce mani ka yi kaffara," ya ce. "Ashe har yau ba ka huce ba. Ba komi. A ɗauke."

Aka rufe akushi da faifai aka fita da shi. Baffa ya ce a kai shi ɗaki, aka tallabe shi aka shige. Muka zauna mu biyu a zaure, Baba ya sunkuyar da kai, ni ina ta kawo masa bayanin cututtukan da ke cikin mushe daga littafin tsabta.

Dab da magariba sai ga ƙararrawar keke. Wani mutum ya shigo da littattafai ɗaure a bayan kekensa, da alli a hannun rigarsa, zai girme ni da kamar shekara biyar. Daga cikin gida mata suka ɗauka: "Mushe ya dawo! Sannu da zuwa, Mushe!" Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce shi ne babban ɗan gidan.

"Mi sunka ce maka?" in ji Baba.

"Mushe, Baba. Haka ake ce ma malamin lakkol, wato makaranta, a nan ƙasar, daga bakin Faransa. Inna kau da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, shi ya bi ni har gida." Ya yi murmushi. "Kun dai ci naman? Ni na sa aka yanka ragon da sahe, don na ji kuna tahe."

Sai a lokacin kunnena ya ji cewa faɗin kalmar ma ba daidai yake da namu ba, akwai ɗan bambancin murya. Da farko ban ji ba don ba shi nake son ji ba. Ban taɓa ƙyamar wani abu a duniya kamar yadda na ƙyamaci kaina a zauren nan ba, da wandona mai shatar fitsarin akuya.

Baba bai ko dube ni ba. Ya miƙe ya yi sallama ya shiga cikin gida, na bi shi. Akushin na ajiye a gindin murhu, kaza ta ture faifan ta caccaki gefen tuwon, ƙudaje sun yi baƙi a kai, man naman ya daskare. Ya kore su da hannu, ya ɗauka ya kai ƙofar ɗakin wansa, ya zauna a ƙasa. Baffa na kwance ya juya fuska bango. Baba ya gaya masa komai yadda ya faru, bai rage ba, bai kuma kare ni ba.

An daɗe tsohon bai motsa ba. Can kafaɗunsa suka fara girgiza, ashe dariya ce, ta koma tari mai tsawo. Ya share baki da tafin hannu, aka tayar da shi, ya sa hannun a akushi tare da na Baba. Loma ɗaya ya iya haɗiyewa. Ɗazu da tuwon na da zafi yana da ƙarfin da zai ci, zaman da tarin sun cinye shi. Sai ya lalubo tsoka ɗaya da wannan hannun da ya share baki, ya miƙo saitin da yake jin numfashina.

"Ina malamin makarantar? Ungo."

Na karɓa da hannu biyu na ci, sanyi ƙalau, da yashi a jiki. Na tauna na haɗiye duka.

Baba ya cinye sauran tuwon shi kaɗai yana share ido da hannun riga. Baffa bai ga ƙarshen daminar nan ba, lomar nan ɗaya ita ce duk abin da suka ci tare. A ranar, da muka fito alwalar magariba, Baba ya miƙo mini buta, ya dube ni karo na farko tun la'asar.

"Ashe kai ma mushe ne," ya ce.

Da sunan ya ci gaba da kirana har ya bar duniya, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa wanne daga cikin biyun yake nufi ba.