Allurar da ta tsaya a rabi

Shekara biyu motar Baba ta yi a gindin darbejiyar gidanmu a Malali ba wanda ya tayar da ita. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, busasshen ganye ya cika bakin gilashi. Ni kuwa ko wucewa zan yi ta gefenta sai na kau da kai. Tsoronta nake ji, in dai gaskiya za a faɗa, kuma ina da dalilina.

Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai tsari har ya so ya yi yawa. Tun ina firamare ya sayi motar, shi ya koya mini tuƙi da na girma, amma bai taɓa yarda na fita da ita ba sai yana zaune a gefena yana gyara mini zama. Yana da wata al'ada da muka tashi muka gani. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zagaya bayan motar, ya tattare riga ya durƙusa, ya miƙa hannu can ƙasa ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kasa kunne. Daga kan shimfiɗa muke jin ƙarar, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ni da ƙannena mukan ce Baba yana tambayarta yadda ta kwana. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake yi, don shi ba mutum ne da ake yi wa irin wannan tambaya ba.

Wata Asabar, ina da shekara ashirin da huɗu, Baba ya tafi ɗaurin aure Zariya a motar abokinsa. Lokacin ana tsananin wahalar mai, mutum ya kwana biyu a layi bai samu ba. Ni kuma akwai yarinyar da nake nema a Rigasa, kullum a motar haya nake zuwa, in isa da gumi da ƙura a takalmi. Na zaro makullin daga aljihun rigarsa ta aiki. Na kwashi abokai biyu, muka je Rigasa, muka zaga gari ba gaira ba dalili, na kai ɗaya gida unguwar Kawo, sannan na dawo kafin la'asar. Idona yana kan allurar mai tun fita. Da na tashi tana rabi, da na dawo tana rabi. Na yi murna ƙwarai, har na shafa sitiyari na ce lallai motar nan ta iya rufa asiri. Na ɗauki tsintsiya na share sawun taya.

Washegari Baba ya dawo daga masallaci, bai kai ga motar ba ya faɗi a bakin ƙofa. Ranar kaɗai ce ba mu ji ƙwanƙwasar ba. Muka ɗora shi a baya, Mama ta tallabe kansa a cinya, na ja mota. Mun hau babban titi ke nan ta fara fizga, ta yi tari biyu ta mutu. Na murɗa makulli har batir ya fara kasawa. Na duba allura, tana rabi. Motocin haya duk suna layin mai, titi fayau. Ban san minti nawa na yi ina ɗaga hannu ba kafin wata motar burodi ta tsaya. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Maƙwabta ne suka turo motar gida. Kowa ya ce lalacewa ta yi, kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Ni ma na riƙe wannan magana hannu bibbiyu, tun da allura ta ce akwai mai. Amma can cikin raina ina lissafin tafiyar Rigasa, ina cewa wace mota ce za ta yi wannan yawo allura ba ta motsa ba. Yarinyar nan ban sake komawa wurinta ba. Kuma sau da yawa in an sallame asuba nakan ji ƙwan, ƙwan, ƙwan daga gindin darbejiya. Na leƙa ta taga ba sau ɗaya ba, ba kowa sai kaji.

Mama ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Wata rana ina cin tuwo ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon wani wuri ta ce, "Kai, a kai motar nan a gyara. Barin ta haka ba shi zai dawo da mai ita ba."

Ban iya musa mata ba. Aka jawo motar da igiya zuwa Kawo, wurin bakaniken da ya yi wa Baba aiki tun tana sabuwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, Kawu muke ce masa. Ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya zagaya bayan motar, ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙasa ya ƙwanƙwasa sau uku. Na matso kusa da shi da sauri.

"Kawu, me ke nan ka yi?"

"Tanki na ji mana. In da mai, muryarsa a dushe take. In babu, sai ka ji shi kamar garwa. Ai ni na koya wa babanka." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Gejin man nan tun kuna yara ya mutu. Na ce ya bari in sauke tanki in gyara, ya ce shi ba za a kwance wa motarsa ciki ba a kan allura, kunnensa ya ishe shi. Bai gaya muku ba?"

Na ce bai gaya mana ba.

Ya shiga ƙarƙashi ya kwance tankin, muka sauke shi tare, ba nauyi ko kaɗan. Ya buɗe wani ɗan murfi a samansa ya zaro wani ƙarfe siriri mai ƙwallo a baki. Ya ce wannan ne fulot, shi ke yawo a kan mai, in mai ya yi ƙasa ya bi shi, ya gaya wa allura. Ya gwada lanƙwasa gaɓarsa, ta ƙi. Tsatsa ta ƙame ta a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Sai ya haska cikin tankin da tocila, ya daɗe yana kallo. Na yi ta maza na tambaye shi abin da na shekara biyu ina gudu.

"Kawu, da aka ajiye ta, akwai mai a ciki?"

"Ina fa! Leƙa ka gani. Da an bar rabi, da ka ga zobe a tsakiya, sama ta yi tsatsa, ƙasa ta yi danƙo. Wannan ja ne har gindi. A bushe aka ajiye shi, ɗana. Ko cikin cokali babu."

Bai san abin da ya faɗa mini ba. Ya ci gaba da aikinsa. Ya zuba tsakuwa da kananzir a tankin, ya toshe baki, ya ce in kama gefe ɗaya. Muka yi ta girgizawa, tsakuwa tana kankare ciki, mu juye jan ruwa mu sake zubawa, har sau biyar. Hannuna ya yi kanta, ban ce mu huta ba. Ya like ƙananan huji biyu da dalma, ya shanya tankin a rana. Fulot ɗin ya jiƙa shi, ya goge gaɓar da takardar yashi har ta saki. Da aka mayar da tankin aka zuba mai galan ɗaya, allura ta ɗaga kaɗan daga ƙasa ta tsaya inda ya kamata. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani allurar nan a lokacin ba.

Na iso gida da yamma. Mama tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa nesa da ita kamar yadda na saba, na gaya mata duka, makullin da Rigasa da tsintsiyar. Na ce ba lalacewa motar ta yi ba, ni na ƙone man.

Ba ta ɗago ba. Hannunta ya tsaya a cikin tire.

"Na sani," ta ce. "Da ya dawo daga Zariya ya taɓa ta ya ji ta da ɗumi, ya ƙwanƙwasa. Ya shigo yana dariya, ya ce ɗanki ya je zance ya shanye mini mai tas, har da share sawu. Ya ce kada in nuna maka, gobe zai bi layi, yaro ya girma." Ta cire tsakuwa ɗaya ta jefar. "Da safen nan ina zaune a baya ina kallon ka kana murɗa makulli. Tun a gida na san ba mai. Hankalina ne ya tashi, ban tuna ba sai da motar ta mutu. Da na tuna, da mun buga wa maƙwabta ƙofa."

Shekara biyu muna gida ɗaya, tana jin ƙwanƙwasar ita ma, ta ce, kusan kullum. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, ita ma na ga bakinta yana motsi, amma ba mu saba irin wannan magana ba. Ta tura mini tiren ta ce in taya ta, idonta ba ya gani sosai. Muka tsince shinkafar har aka kira magariba.

Na yi shekara tara ina tuƙa motar, allurar ba ta sake yin ƙarya ba. Duk da haka ban taɓa tayar da ita ba sai na zagaya baya na durƙusa. Ranar farko da na yi, na ɗago na ga labulen ɗakin Mama ya motsa. Daga baya ta aiko ƙanwata ta ce in zan ƙwanƙwasa in riƙa yin gyaran murya tukuna, don ta san ni ne.