Kunnen Baba Bot

A Dutse, in rediyonka ya fara shirme, ba sai ka tambayi mutum biyu ba. Na farkon ma zai nuna maka hanyar Kiyawa ya ce ka je wajen Baba Bot. Shagon ɗan ƙarami ne, kwano sama kwano gefe, a gindin wata darbejiya da shi ya dasa ta da hannunsa. Cikinsa cike yake da gawarwakin rediyo da kaset waɗanda masu su suka manta da su, wasu ma masu su sun riga mu gidan gaskiya.

Sunansa Francis Bot, mutumin wani ƙauye ne a bayan Barikin Ladi. Ya zo Dutse shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ya biyo ayarin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, da akwatin ƙarfe ɗaya, sukudireba uku, da amaryarsa Angelina. Ya ce shekara biyu zai yi ya koma. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan, har Hausar bakinsa ta koma ta Kanawa.

Ba hannunsa ne ya yi masa suna ba, masu hannu suna da yawa. Kunnensa ne. Yana cikin cin abinci mota za ta wuce da kiɗa, sai ya ajiye cokali ya ce sifikar hagu ta yage, kuma in aka bincika haka ɗin ne. Wannan baiwa ita ce azabar gidansa, domin mutum ne mai masifa a kan ƙara. Ƙofa ba ta isa ta yi kuka ba, famfo bai isa ya ɗiga ba. Akwai wata fankar sama a ɗakinsu da ta yi shekaru tana ƙiƙi-ƙiƙi, ya sauke ta ya fi a ƙirga, yana zaginta kamar tana ji. Shekara biyu da suka wuce ya ɗiga mata mai, ta yi tsit. Har yanzu yana ba da labarin yadda ya yi maganinta.

To, zamani ya juya. Rediyo ya koma cikin waya, kaset ya mutu, sai samari suka fara zuwa da motoci suna so a dasa musu wufa a but, wannan ƙatuwar sifika mai ƙugi da ke sa gilashin maƙwabta rawa. Baba Bot bai so aikin ba, amma baki ba ya jira. Ya yi shekara goma sha wani abu kansa yana cikin but, ana ƙure sauti yana saurare. Abin da ya ci da shi, shi ya ci shi.

Siraran sautuka ne suka fara tafiya: kukan tsuntsayen darbejiya, ƙarar waya, muryar mata a mawaƙan coci. Masu kauri suka rage, su ma rabi a ƙirji yake jinsu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi ɗora yatsu a kan takardar sifika ya ji rawarta. Ya ajiye gero a gwangwanin madara, yana zuba ƙwayoyi a kan takardar ya ga yadda suke tsalle. Babbar dabararsa kuwa fuskar mai kaya ce. Sai ya kunna, ya yi kamar yana duba waya, ya saci kallo: in an yamutsa fuska da saura, in an yi murmushi aiki ya yi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Maƙwabta dai suka ce tsufa ya sa masa girman kai, ana gaishe shi ba ya amsawa. Ya gwammace a ce masa haka.

'Yarsu ɗaya, Jemimah, ma'aikaciyar jinya ce a Jos, kuma ta gyara musu ɗaki tun bara tana roƙo su koma gida. A Kirsimetin da ya wuce, da ta matsa, ya buga tebur a gaban uwarta ya ce ranar da aka kawo aikin da kunnensa ya kasa, ranar zai sa wa shago kwaɗo ya hau mota. Ya faɗa ne don ta yi shiru. Ya manta cewa shi mutum ne da bai taɓa janye maganarsa ba, ko da ta banza ce.

Ana tsakiyar bazara, wata Litinin, Zuhair ya tsayar da motarsa a gindin darbejiya. Ma'aikaci ne a jami'ar Kafin Hausa, ɗan marigayi Malam Idirisu na wajen Taura, wani Bafulatani da yake cikin mutanen farko da suka kawo wa Bot aiki, tun yana rataye rediyo a kafaɗa yana bin shanu. Zuhair ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce wufar motarsa sabuwa ce, amma da kiɗa ya nutsa ƙasa sai sautin ya fashe, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Baba Bot ya ce a kunna. Ƙugin ya bugi ƙirjinsa, tas da shi, ba tsakuwa ba gwangwani. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano komai.

Ya fara da inda kowane gwani zai fara. Ya rage ƙarfin da aka ba amfilifaya, na'urar ƙara sauti, don samari suna murɗe ta har ƙarshe su ce sifika ce ba ta da kyau. Ya kwance wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya kankare fenti da tsatsa, ya ɗaure ta tamau. Ya auna batir, lafiya lau. Aka sake kunnawa, ya saci kallon fuskar Zuhair.

A nan dabara ta ci amanarsa. Ɗan Idirisu ne fa. An raine shi a gidan da yaro ba ya yamutsa fuska a gaban babba, ko da wuta ya taka. Kansa a ƙasa, fuskarsa kamar ruwan randa, ya ce madalla, Allah ya ƙara girma, ya ja motarsa. Baba Bot ya koma benci yana jin daɗi.

Ranar Laraba motar ta dawo. Bayan doguwar gaisuwa, har da tambayar Mama Angelina da zafin gari, Zuhair ya ce a hankali, wai da ɗan saura kaɗan. Wanda ya san Fulani ya san ɗan saura kaɗan yana nufin ba abin da ya canza.

Baba Bot ya ce dama ya yi zargin akwatin wufar ne. Ya fito da shi, ya bi kowace kusurwa da yatsa yana neman inda iska ke fita, ya cike da gam, ya ƙara noti huɗu. Ya danna takardar wufar da yatsu biyar, ta shiga ta fito sumul, ba ta gogar komai. Ya zuba gero, ƙwayoyin suka yi tsalle daidai wa daida. Duk abin da hannu da ido za su iya faɗa sun faɗa, sun ce lafiya. Aka kunna. Zuhair ya sunkuyar da kai ya yi godiya.

Ranar Juma'a da safe ya sake dawowa. Wannan karon ko bayani bai yi ba, ya miƙa mukulli ya ce zai bi motar haya zuwa wajen aiki, ya dawo bayan masallaci.

Da Baba Bot ya kira mai facin taya da ke gefensa ya ce zo ka saurara mini, da an gama cikin minti ɗaya. Ya dubi mutumin, ya buɗe baki, ya rufe. Shekara talatin ana zuwa aron kunnensa, yau shi zai je aro? Kafin la'asar duk hanyar Kiyawa ta ji. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, amma nasa ba girman kai ba ne kaɗai, tsoro ne tsagwaronsa.

Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa lallai zaren tagullar da ke naɗe a cikin wufar ne ya ƙone. Ya ɗauki reza. Ya san sarai sifikar da aka farke ba ta komawa yadda kamfani ya yi ta, shi da kansa ya sha korar masu yi mata haka. Ya yanka hular da ke tsakiyar takardar, ya ɓamɓare gefe, ya zaro.

Tagullar tana ƙyalli kamar yau aka naɗa ta. Ko warin ƙuna babu.

Ya daɗe zaune da ita a hannu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sannan ya mayar da komai, ya daidaita, ya shafa gam, ya sa a rana. Hannun dai bai manta aikinsa ba, in ba wanda ya sani ba, ba zai ga tabon ba.

Bayan an sauko daga Juma'a Zuhair ya iso. Aka mayar da akwati, aka rufe but, aka kunna. Ana cikin haka sai ga Angelina ta tsallako titi da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali, kamar yadda take yi kullum. Matar da ko batirin tocila ba ta iya sawa daidai ba. Tun daga nesa ta toshe kunne ɗaya. Ta ajiye kwanon, ta amsa gaisuwar Zuhair, ta zagaya bayan motar tana neman abin da ya dame ta.

"Baban Jemimah, ba ka ɗaure masa lambar nan ba ne? Ita ce fa take ta kaɗawa."

Ta ɗora tafin hannunta a kan lambar motar ta danne.

Baba Bot ya ga fuskar Zuhair ta buɗe, karo na farko a cikin mako. Ya ga mai faci ya ɗago kai yana dariya. Angelina ta ɗauke hannu, fuskokin suka yamutse. Ta mayar, suka saki. Shi kuwa yana tsaye taku biyu daga wurin, ƙugin nan dai yake ji a ƙirjinsa, iri ɗaya, da hannunta da babu.

Sai a lokacin Angelina ta dubi mijinta, ta gane abin da ta yi. Ta janye hannun a hankali ta ɓoye shi cikin zani.

Noti biyu ne suka kwance, na ƙasa ma ɗaya ya faɗi. Ya roƙi guntun tsohon tub na taya wajen mai faci, ya yanka, ya sa a bayan lambar, ya ɗaure. Aikin bai kai minti biyar ba. Da aka kunna bai dubi Zuhair ba, matarsa ya duba. Ta gyaɗa masa kai.

Zuhair ya fara cewa ai hannun Baba ne, gyaran da aka yi ta yi ne ya taru ya yi amfani. Baba Bot ya ɗaga masa hannu.

"Ɗana, kada ka rufa mini. Wufarka lafiyarta ƙalau, na farke maka ita a banza. Ban taɓa jin ƙarar da kake faɗa ba, tun ranar Litinin. Da mahaifinka yana da rai, da na ji kunyarsa."

Zuhair ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi magana mai ɗan tsawo cikin tattausar murya. Idon Angelina ya ciko. Ko yafiya ce, ko addu'a, ko wani labarin Malam Idirisu da rediyonsa, Baba Bot bai sani ba, don kan yaron yana ƙasa, ba ya ganin laɓɓansa. Ya ce amin, ya bar shi a haka.

Motar ta tafi. Suka zauna a benci, kwanon abinci a tsakaninsu ba wanda ya kwance shi. Can ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta juyo da fuskarta sosai gabansa, ta buɗe baki tana magana dalla-dalla, sai yanzu ya lura ta daɗe da haka take yi masa magana.

"Tun ranar da ka ce ka gyara fanka."

Ya ce ai ya gyara ta.

"Ba ta taɓa dainawa ba, Baban Jemimah. Ta ma fi da."

Ya tashi ya kwashe sukudirebobinsa ya zuba a tsohon akwatin ƙarfen da ya zo da shi. Gwangwanin geron ya juye shi a gindin darbejiya, tsuntsaye suka sauko suna buɗe baki. Rana tana sama, ko la'asar ba a kira ba, ya jawo ƙofar kwano ya sa kwaɗo. Mai faci ya ɗaga murya ya tambaya ko lafiya, bai juyo ba.

A gida ya zauna a bakin gado, ya ɗaga kai. An kawo wuta, fankar tana ta juyawa, shiru kamar yadda ya bar ta shekara biyu. Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya nemo lambar Jemimah, ya miƙa wa matarsa.

Ya ce ta gaya mata suna tafe. Ya ce ita ta yi maganar, in yarinyar ta amsa, ta faɗa masa abin da ta ce.