Kazar da Ta Kwanta Kan Ƙwan Zabuwa

A gidanmu na Ƙaraye, tatsuniya ba ta farawa sai an sauke tukunyar tuwo. Da an ci an wanke hannu, Iya Tabawa, mahaifiyar babanmu, za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta binne gyaɗa a cikin rushi, mu kuwa mu kewaye ta, kunne na wajenta, ido na kan gyaɗar. Ba ta buɗe labari yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Baƙuwa ce a ƙofa, wa zai shigo da ita?" Mu ce, "Ta shigo, ga tabarma." Ni ce mai yawan katse ta da tambaya, shi ya sa ta laƙaba mini Uwar Gaggawa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai tatsuniya guda da ban taɓa so ba. Wai wata kaza ce da duk ƙwan da ta kwanta a kai sai ya yi dungu. Ran nan ta tsinci ƙwai guda a gindin rumbu, na wata zabuwa da muzuru ya kashe. Ta mirgino shi ta kwanta a kai. Sati uku ya cika, sauran kaji suka fito da 'yan tsakinsu, ita shiru, don ƙwan zabo sai an ƙara masa sati guda. Suka yi ta mata dariya, ta ƙi tashi, har ranar da ta ji motsi a ƙarƙashinta.

'Yar ta girma, zane ya fara fito mata. Sai agwagwa ta ba kazar shawara: ta riƙa shafa mata toka kullum da safe, kowa ya ɗauka tata ce, ita ma 'yar kada ta sani. Haka ta yi ta yi har ruwan fari ya sauka ya wanke tokar. 'Yar ta ga kanta a kwatami, ta zo ta tambayi kazar. A nan Iya take sassauta murya ta yi maganar 'yar zabuwar: "Inna, da kin gaya mini, da zanen bai dame ni ba. Tokar ce ta dame ni." Daga nan ta bi zabi zuwa daji.

"Iya, ba ta dawo ba?"

"Takan zo bakin danga ta leƙa. Amma ba ta ƙara shiga ƙarƙashin fiffike ba."

Na yi fushi, na ce ai kazar ce ta sha wahala. Iya ta ɓare gyaɗa ta sa mini a hannu. "Ke dai, Uwar Gaggawa. Riƙo ba sata ba ne. Wanda ya riƙi ɗan wani, ya riƙe shi da sunan ubansa." Sannan ta tura itacen cikin toka ta ce baƙuwa ta tafi, kowa ya nemi tabarmarsa.

Na manta da wannan kaza shekara da shekaru. Na yi karatu, na auri Nura, muka dawo Dubai, shi yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Al Sabkha, ni ina kantin magani a Satwa. Shekara tara da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Na gaji da asibiti, na gaji da "Allah ya kawo masu albarka" da ake mini a kowane suna. Da muka tambayi yadda ake ɗaukar riƙon maraya a Dubai, aka ce baƙi irinmu sai dai su nemi riƙo a ƙasarsu, su zo da takardun kotu.

A hutun 2018 muka je wani gidan marayu a Kano, a can na ga Amatu. Watanta takwas. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, ubanta Sani direba ne, ya riga uwar tafiya. Na ɗauke ta, ta kama ɗankunnena ta ƙi saki, shi ke nan zuciyata ta tafi.

Ashe ɗaukar ce mai sauƙi. Muka rubuta takardar nema, jami'ar walwala ta zo gidan su Nura ta duba har ɗakin girki, ta nemi shaidar lafiyarmu da ta aikinmu da mutanen da za su tsaya mana. Ta ce bayan ita sai kotu, bayan kotu sai fasfo, sai hatimai, sai fassara zuwa Larabci, kafin a fara zancen biza. Malamin da muka tuntuɓa ya ce riƙon maraya lada ne babba, amma sunan ubanta na nan, kuma ba ta da gado sai abin da muka yi mata wasiyya ko kyauta. Ƙanwar Nura, Jamila, tana goyo a lokacin. Da aka amince yarinyar ta zauna a hannunta, sai ta shayar da ita, don Nura ya zama kawunta, muharraminta. Muka komo bakin aiki hannu rabbana.

Wata rana a kasuwar Murshid Bazaar na haɗu da Hajiya Ladidi, 'yar kasuwa ce da ke zuwa saro kaya, tana zaune kan kwali ana ɗaure mata atamfofi. Na ba ta labari, ta kama baki. "Haba habibti, wannan dogon zango na mene ne? A samo takardar haihuwa da sunanki da na maigidanki, sati biyu, khalas, an gama. Wa zai sani? Ita kanta yarinyar ba sai ta sani ba."

Ba zan ɓoye ba, na so maganar nan. Kuma ba saurin ne kawai ya ja ni ba. Tsoro nake kada wata rana Amatu ta san ba ni na haife ta ba, ta dube ni kamar mai aikin raino. Na kai wa Nura zancen, ya ce, "Rabi, ranar da ta tambaya, ke za ki kalli idonta, ba Hajiya Ladidi ba." A tsaye nake ina yanka albasa, sai kawai muryar Iya ta faɗo mini, ita da ta shekara goma sha biyar a ƙasa. Sai a lokacin na gane ba 'yar zabuwar take wa faɗa ba, ba kuma kazar take zargi da rashin ƙauna ba. Ƙaunar ce ma ta kai ta ga toka. Na ce wa Nura mu bi kotu.

Kotu ta ba mu takarda, muna tsakiyar neman hatimai korona ta rufe hanya. Fiye da shekara guda ina ganin 'yata ta waya. A wayar na ga ta fara gudu, a wayar na ji ta haɗa magana. A wayar kuma na fara gaya mata tana da Umma da ta haife ta, da Abba Sani, suna wajen Allah, mu yi musu addu'a. Duk ranar da na faɗa sai na shiga bayi na yi kuka, don ji nake kamar da hannuna nake nisanta ta da ni.

A 2021 muka zo da ita, tana dab da shekara huɗu. Ranar da muka je yi mata katin zama, ma'aikaciyar, wata Balarabiya mai fara'a, ta duba takardun ta ga Amatullah Sani, ta ga sunan Nura daban. Ta karanta takardar kotu ta gamsu, amma sai ta leƙo ta yi wa yarinyar murmushi, ta nuna ni, ta ce in tambaye ta wace ce wannan. Na tambaye ta da Hausa.

Amatu ta ɗaga yatsu tana lissafi. "Umma ta haife ni, tana wajen Allah. Goggo Jamila ta ba ni nono." Sai ta sauke hannun ta damƙi gefen mayafina. "Wannan kuma tawa ce."

Matar tana jiran fassara. Na durƙusa na rungume Amatu, sai Nura ne ya fassara mata.