Jinin da Na Bayar a Madadin Ƙanwata

Shekarar da kuɗi suka shigo hannun Baba, gidanmu a Daudawa ya daina karyawa da koko. Sai shayi da burodi, don maƙwabta su sani. Kowa ya yi ƙiba ban da ƙanwata. Cikinta ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, ga zawo ba dare ba rana. Maganin da Baba ya gano shi ne a ƙara mata burodi.

Da abin ya ƙi, kakarmu ta kai ta asibiti a birni, ni kuma aka tafi da ni. Ina da shekara takwas, ƙanwata shida. Likita ya duba ta, ya ce yana zargin alkama ce ba ta karɓe ta ba, amma sai an ɗebi jininta an aika nesa. Ya ba mu takarda zuwa wani ɗaki.

A bakin ɗakin Kaka ta tsaya ta dubi ƙanwata, ta dube ni.

"Mi za a ɗiba a jikin wannan? Ke, miƙa hannu. Uwa ɗaya uba ɗaya, ai jinin guda ne."

Mai allura bai tambaya ba, yarinya takarda ta ce, ga kuma yarinya. Ban yi kuka ba. Kwana uku ina yawo da auduga ina nuna wa ƙawaye, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bayan wata biyu sakamako ya dawo: lafiya ƙalau. Baba ya ce da ma ya sani, burodi ba ya cutar da ɗan mutum. Ya sa mai kanti ya riƙa ware mata babba.

Shekara biyu ta yi a haka, ni da Kaka mun yi gum. Sai da aka kai ta wajen gwaggonmu a wani ƙauyen Sabuwa, inda motar burodi ba ta iya shiga, ta koma tuwon dawa ta miƙe. Baba ya ce ruwan can ne. Tsawon da ta rasa dai bai dawo ba, har yanzu a kafaɗata take.

Mun yi jikoki kafin na iya gaya mata. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Yaya, ai ina tsaye a bakin ƙofa. Ranar na ɗauka taimakona kika yi."