Gautar da ta ƙi ɗaki

Ina da wata bakwai uwata ta rasu, sai kakata Iya ta ɗauke ni zuwa Ba'awa. Mahaifina yana Tudun Wada, kuma duk aiken da ya turo a mayar masa da 'yarsa, sai Iya ta ce ba ni da lafiya. Ƙarya take yi, ƙalau nake. Ko rijiya ba ta barina in je.

Wata bazara, tun Turawa ba su tafi ba, ta ba ni irin gauta in gwada hannuna. Muka zuba ƙasa da takin awaki a sakaina, na yayyafa irin, muka ajiye a ɗaki saboda kaji. Da suka tsiro, na ƙi a fitar da su. Nawa ne, in ji ni, rana ba za ta taɓa su ba.

A makon ne ɗan aike ya sake zuwa. Bayan magariba muna gindin murhu, an sauke tuwo, sauran garwashi. Iya ta daɗe tana kallon sakainar kafin ta ce, "Talle, matso ki ji wata."

Wai an yi wata mata da ta shuka gauta a kasko cikin ɗakinta, ta hana su ganin waje. Suka yi tsawo, farare fat, sirara, duk sun karkata wajen ƙofa. Kullum sai ta juya kaskon su fuskanci gadonta, gari na wayewa ta tarar sun sake juya mata baya. Ta saki asabari, ta toshe kowace kafa da tsumma. Daga nan ta fara jin su cikin duhu, suna kiranta ƙasa-ƙasa: "Inna, ina ƙofa?" Da ruwa ya sauka, dole ta dasa su a bayan gida. Ba su taɓa sanin rana ba, kafin azahar duk sun kwanta.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Shi ke nan. Matar tana nan da ranta, abin da ya fi muni ke nan."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Ni kuwa tsoro ya hana ni duban sakainata.

Da safe ta sa na fitar da ita inuwar rumbu, hantsi na yi muka mayar. Kashegari har azahar. Sannan ta juyo kaina. Ta aike ni rijiya. Ta tura ni kwana gidan ƙanwarta, ɗaya, sannan uku. In na dawo da gudu na faɗa jikinta, sai ta ture ni ta ce, "Ke, zafi ake yi." Na tabbata Iya ta gaji da ni, na kuwa ƙullace ta.

Ranar da aka dasa gautar mahaifina ya zo da jaki. Iya ta ɗaura mini ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce, "Allah ya raya ki." Na hau jakin. Na ji takunta a bayanmu har bakin gari, na kafe wuya na ƙi waiwaya. Kafin a yanke gero aka aiko ta rasu.

Sai da na aurar da tawa 'yar na gane ashe kanta Iya take yi wa tatsuniyar nan, don ni a lokacin ba abin da na fahimta sai tsoro. Na yi ƙarko a gidan ubana, ban yi yaushi ba, aikinta ya yi kyau. Amma har yau in na tsuguna ina shuka iri, sai in ji kamar akwai mai tsaye a bayana. Yanzu kam ina waiwayawa, sai dai ba kowa.